Takalman Kawu Ba Su San Toka Ba

Kawuna, yayan mahaifiyata, malamin daji ne. Shekara talatin da huɗu ya yi yana gadin gandun dajin da ya yi iyaka da gidanmu, kuma aikin nasa ba wani mai sarƙaƙiya ba ne. Ya hango hayaƙi, ya sanar da ofis, in wuta ta mutu ya taka ya je ya gano daidai inda aka tayar da ita, ya rubuta. Mai irin wannan aiki kamata ya yi ko makaho ya shafa takalminsa ya ji toka. Na Kawu kuwa, mace za ta iya gyara ɗaurin ɗankwalinta a jikinsu. Kullum da safe sai ya zauna a bakin ƙofa da burushi biyu da tsumma, ya tofa musu yawu ya goge, ya ɗaga su sama ya karkata kai yana dubawa, ya sake gogewa. Matarsa, ranar da ta tattara kayanta ta koma wajen ɗansu a birni, cewa ta yi ta gaji da zaman aure da takalmi.

Ba zan ci haƙƙinsa ba, da ƙuruciyarsa ya iya aiki, kuma wannan ne ma ya fi ba ni haushi. Tsofaffin abokan aikinsa har yau suna ba da labari. Wai Kawu zai shiga fili baƙi ƙirin, wuta ta lashe komai, ya durƙusa ya duba ta inda karan ciyawa ya kwanta, ya juya dutse ya ga wane ɓangare ne ya yi baƙi, ya duba ta wane gefe ɓawon itace ya fi ƙonewa. Haka zai yi ta bin sawun wutar da baya da baya har ya tsaya a wuri ɗaya ya ce, “Nan ne.” A tona, sai a ga ramin gafiya da aka cusa wa tsumma mai wuta, ko murhun da wani ya yi girki ya tafi bai kashe ba. An ce akwai ranar da ya tsinto guntun sigari a cikin toka, ya juya shi, ya faɗi wanda ya yar, aka je aka tambaya mutumin ya amsa.

Hasumiyar hangen wuta tana da matakala sittin da biyu. Kawu yana cika shekara arba'in da biyar gwiwarsa ta ce ba ta san zancen ba. Gwiwa ce mai wayon tsiya, ba ta ciwo sai a gindin matakala, ban kuma taɓa jin ta hana shi buga babur ya nufi gidanmu da rana ba. Tumbi ya fito, bel ɗin kaki ya koma hudar ƙarshe, usur ɗin da ke rataye a wuyansa ya zama kayan ado. Bakin ne dai bai yi ritaya ba. A duk taron dangi sai ya ja kujera tsakiya ya ba da labarin gobarar da ya tare shi kaɗai da reshen itace, kuma kowace shekara wutar tana ƙara tsawo.

Gidanmu yana bakin gandun. Tsakanin katangarmu da dajin akwai wani siririn fili da ofishin daji ya ba Babana izinin dasa itatuwa a kai, da sharaɗin cewa filin na ofis ne, duk ranar da suka buƙata za su karɓa. Baba ya dasa talatin da ɗaya, mangwaro da lemo da gwaiba, ya raine su da ruwan da yake jawowa a rijiya bokiti-bokiti bayan ya taso daga aiki. Babban mangwaron da ke tsakiya, a makon da aka haife ni aka dasa shi. Daga baya Inna ta ƙara akwatunan zuma huɗu a can ƙarshen filin. Da Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa, lambun nan ne ya ciyar da mu, ya kai ni makaranta, kuma shi ya hana Inna zama a ɗaki tana kuka, domin kullum akwai abin ba ruwa da abin sassabewa.

Bayan rasuwar da 'yan kwanaki Kawu ya tara dangi ya yi shela cewa daga yau shi ne uban gidan nan, ba zai bar ƙanwarsa ta wulaƙanta ba. Kowa ya sa masa albarka. Abin da alkawarin ya zama a aikace shi ne abincin rana. Ƙarfe ɗaya da rabi daidai za a ji ƙarar babur, Inna ta shimfiɗa tabarma a gindin babban mangwaro, ta kawo kwano da ruwan sanyi. Ya ci, ya sassauta bel, ya yi gyatsa, ya koya mata yadda ake rage wa lemo rassa, shi da bai taɓa riƙe almakashin lambu ba. Shekara goma sha tara ana haka. Ita tana ce masa Yaya, shi yana ce mata Auta, duk da furfurar da ta cika mata kai.

Shekara tara da suka wuce ofis ya raba wa malaman daji wata na'ura rawaya, girmanta bai wuce sabulun wanki ba. Bayanin da aka yi musu ko ɗan firamare zai gane. In wuta ta mutu, ka je inda ta faro, ka tsaya a kai, ka danna maɓalli, na'ura za ta riƙe lambar wurin da lokacin da ka danna. Su huɗu aka ba. Ɗaya ya yar da tasa a rafi tun makon farko, ɗaya batir ya ƙare bai ƙara waiwayarta ba. Na ukun mutum ne mai gaskiya, saboda haka a shekara tara wuri talatin da 'yan kai kawai ya kawo, domin daji da faɗi, hanya kuma ba kyau. Kawu ya kawo ɗari da saba'in da uku.

Na san adadin domin ni nake kwashewa. Kawu ne ya samo min aikin akawu a ofishin, kuma bai taɓa barin mako ya wuce bai tuna min ba. Duk ƙarshen wata zai ajiye na'urar a teburina da yatsa biyu ya ce, “Ɗiyata, a kwashe aikin maza.” In jona ta da kwamfuta, lambobi su zubo, dogaye masu ɗigo a tsakiya, in jera su a jadawali. Na lura farkon lambobin Kawu ba ya canzawa, na ƙarshe-ƙarshe ne kawai suke motsi. Na lura, na ce ƙila haka lambar daji take, na tashi na dafa shayi. Shekara tara ina lura ina dafa shayi, don haka in ana rabon wauta a labarin nan a ajiye min kasona.

Sai aka kawo mana Dakta. Daga jami'a aka ɗauko shi, masanin taswira ne, da jakar goyo da gorar ruwa mai igiya da takalmin hawan dutse wanda duk ƙurar da ya sani ta wurin ajiye motoci ce. Mako uku ya yi a ofishinmu, a ɗaki ɗaya tilo mai na'urar sanyi. Daji kuwa sau ɗaya ya je, ya tsaya a jikin allon da ke bakin hanya aka ɗauke shi hoto.

“Kin ga, Malama,” ya ce min ranar da na kai masa jadawalin, “wutar daji a nan ba tsawa ce take tayar da ita ba, mutane ne. Mutum kuwa da halinsa, ba ko'ina yake kyasta ashana ba. Zan yanyanka dajin nan gida-gida a kwamfuta, kamar littafin lissafi na 'yan makaranta. Kowane gida in gaya mata nisansa da hanya, nisansa da gidajen mutane da rijiya, irin ciyawarsa, tudu ne ko kwari. Sai in nuna mata wuraren da wuta ta taɓa farowa. Za ta koyi kamannin irin waɗannan wurare, ta nuna mana inda ta gaba za ta tashi tun ba ta tashi ba.”

Na ce, “To ba ga tauraron ɗan'adam ba? Na ji an ce komai yana gani.”

Ya yi min irin murmushin da ake yi wa wanda bai yi nisa a karatu ba. “Tauraro inda ya ƙone yake nunawa. Inda aka kyasta ashanar sai mai ƙafa. Shi ya sa kawunki ya fi min duk wata na'ura daraja.”

Tambaya ɗaya ya yi wa Kawu, a gabana kuwa. “Ranka ya daɗe, duk waɗannan a daidai mafarin wutar ka danna su?” Kawu ya ƙame, ya turo ƙirji, ya ce, “Dakta, ina wannan aiki tun ba a yaye ka ba.” Dakta ya yi dariya ya ba shi hannu biyu. Ko sunkuyawa bai yi ya kalli takalman ba.

Ranar da taswirar ta fito aka kira mu ɗakin Oga, shugaban ofishinmu. Dajin gaba ɗaya kore shar, sai ɗan rawaya-rawaya a bakin hanyoyi. A kudu kuma, can ƙasa, ga wani jan tabo kamar an kifar da kwalbar tawada. Dakta baki har kunne. Wai bai taɓa ganin cunkoson mafarin wuta irin wannan ba, wai ya ɓoye wa kwamfutar wasu wuraren don ya gwada ta, ta canka kashi casa'in da huɗu cikin ɗari. Na matsa kusa ina neman in gane wurin. Na ga lanƙwasar rafi, na ga alamar rijiya, na ga inda katanga ta karya kwana. Lambun Inna ne.

“An ce akwai wata mata mai kiwon zuma a wurin,” in ji Dakta. “Masu zuma kuwa da hayaƙi suke aiki. Kun ga komai ya dace.”

Inna sau biyu a shekara take yi wa zumarta hayaƙi, a cikin gwangwani mai murfi, da bokitin ruwa a gefenta. Wannan ce matar da kwamfuta ta gano ta addabi daji.

Oga mutum ne mai son hukuncin da za a iya ɗaukar hotonsa. Nan take ya yanke cewa kafin rani ya kankama za a share fili mai faɗin mita sittin a duk inda ya yi ja, kada a bar ko tsinke, don wuta ta rasa abin ci. A kwashe akwatunan zuma, izinin dashe kuma ya ƙare. Ya san lambun wa ne. Ya juyo ya ce min, “Sai haƙuri, ilimi ne ya nuna.” Kawu yana tsaye a bakin ƙofa, ya ƙura wa fankar sama ido kamar yau ya fara ganin ta.

Da kowa ya fita cin abinci na buɗe jadawalin, na duba layin da ban taɓa damuwa da shi ba, layin lokaci. Ɗaya da minti arba'in. Biyu saura kwata. Biyu da minti goma. Na bi su har ƙasa, ɗari da saba'in da uku, babu ko ɗaya kafin ɗaya da rabi, babu ko ɗaya bayan ƙarfe uku. Ashe wutar dajin nan mai ladabi ce, ba a sanin mafarinta sai an sauke tukunyar Inna. Lambobin ƙarshe da suke ɗan motsawa kuwa, inuwa ce take juyawa Kawu yana jan tabarma yana bin ta, wani lokaci kuma a bakin rijiya yana wanke hannu. Kwamfutar Dakta ba ta yi ƙarya ba, abin da aka koya mata ta koya. An koya mata inda Kawu yake cin abinci, ta kuma gano wurin da kashi casa'in da huɗu cikin ɗari.

Na same shi a rumfar da ke gindin hasumiya, rediyon oba-oba na ofis a cinya, yana korar ƙuda. Na ajiye masa takardar lokutan da na bugo a gwiwar nan tasa mai ciwo.

“Kawu, a ina kake danna na'urar nan?”

“Wace irin tambaya ce wannan, ba ko gaisuwa?”

“A gindin mangwaron Inna kake dannawa.”

Ya sha mur, ya kalli daji, ya kalli takalmansa, sannan ya fara borin kunya. “To sai me? Cewa aka yi in an yi wuta a danna. An yi wutar ko ba a yi ba? Cikin ɗari da saba'in da ukun nan akwai ta ƙarya ko ɗaya? In ji a oba-oba, ko in hango hayaƙi daga lambu, in danna. Wa ya san wani zai zo ya mai da abin zane?”

“Amma ai ka san inda suke tashi.”

“Ni kuwa na sani!” Nan da nan ya gyara zama, girman kan ya motsa. “Kashi biyu cikin uku daga kwazazzabon arewa ne, masu farautar gafiya. Sauran a kwanar da direbobin manyan motoci suke tsayawa su yi girki. Ko daga barci aka tashe ni zan faɗa. Amma kin san nisan wurin? Kin san hanyar? Ga gwiwa.”

“Za su sare itatuwan Baba, Kawu. Duka.”

Na yarda a lokacin abin ya taɓa shi, domin yana son ƙanwarsa iyakar yadda irinsa yake iya son wani. Ya ce, “Ina raye? Ba za a sare ba. Ranar taro zan tashi in yi bayani a gaban kowa. Ki bar min, maganar manya ce.”

Taron saura mako biyu. A ranar za a nuna taswirar ga baƙi daga hedikwata, a ranar kuma za a ba Kawu lambar yabo, domin a ƙarshen ranin zai yi ritaya.

Na gaya wa Inna komai da yamma, tana tsinke busassun ganye a jikin lemo. Na zaci za ta tayar da hankali, sai ta yi dariya. “Yaya ke nan. Tun muna yara in an aike shi kanti, a bakin ƙofa yake tsayawa ya aiki wani.” Na ce Inna wannan ba abin dariya ba ne, gobe zan kai wa Dakta takardar da kaina. Ta daina dariyar. “Kada ki kuskura ki tona wa yayana asiri. Ya ce zai faɗa, ko? To ki bar shi ya faɗa da bakinsa, ya fita da mutuncinsa. Shekara goma sha tara yana shan inuwar nan, ba zai bari ba.” Washegari har nama ta ƙara masa.

Na bi maganarta, na zuba ido. A mako biyun nan na ga Kawu ya kai kaki wajen mai guga sau biyu, ya sayi sabuwar igiyar takalmi, ya rage gashin baki. Duk lokacin da na tare shi a baranda sai ya ɗaga min hannu tun daga nesa ya ce, “Na ce ki bar min.”

Ranar taro aka jera kujerun roba, aka rataya kyalle mai rubutu, aka haska taswirar a bango da majigi, jan tabon ya yi girman ƙofa. Dakta ya yi minti arba'in yana bayani. Daga ƙarshe ya ce, “Ba don mutum ɗaya ba, da babu wannan taswira. Fiye da kashi tamanin cikin ɗari na bayananmu da ƙafarsa ya tako su.” Ɗaki ya ɗauki tafi. Kawu ya taso, takalman suna walƙiya, babban baƙo ya miƙa masa allon katako mai farantin tagulla a tsakiya, aka ɗauki hoto, aka ba shi lasifika.

Na ga lokacin da ya tuna. Ya waiwaya ya gano ni a layin baya, idonmu ya haɗu, ya buɗe baki. Sai kuma ya kalli allon da ke hannunsa, ya sa babban yatsa ya goge inda wani ya bar sawun hannu a kan tagullar. Minti goma sha biyu ya yi yana magana a kan jajircewa. Ya ce matasan yanzu ba sa son wahala. Ya ce shi ƙaya da rana da maciji ba su taɓa hana shi isa mafarin wuta ba. Har da share ƙwalla.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na faɗi komai, tun daga tabarma har bakin rijiya. Ɗakin ya kaure da ƙus-ƙus. Oga ya yi maza ya ce, “Lambun mahaifiyarta ne, ranku ya daɗe, a yi mata uzuri.” Na ɗaga takardar lokutan na ce a duba. Dakta ya karɓa, ya bi layin da yatsa, sai na ga fuskarsa ta washe.

“Abin sha'awa! Tsakanin ɗaya da rabi da uku, daidai lokacin da rana ta fi zafi, ciyawa ta fi bushewa. Ya yi daidai da abin da aka sani. Malama, na gode, wannan zai shiga rahoto.”

Na ce masa ai lokacin dannawa ne, ba lokacin tashin wuta ba, amma ya riga ya juya yana nuna wa na kusa da shi takardar. Ya kuwa sa a rahoton, shafi na goma sha huɗu, da zane mai kala, har da yi min godiya a ƙasa.

Babban baƙo ne kaɗai ya nuna alamar shakka. Ya dubi Kawu ya ce, “Malam, kai me ka ce?”

Kawu ya rungume allonsa, ya girgiza kai a hankali. “Yarinya ce, ranka ya daɗe. Ni na riƙe ta, ni na sa ta a aikin nan. Tausayin uwa ne. Na yafe mata.”

Aka sake tafawa, wannan karon don dattakonsa. Na so in ce su kalli takalmansa, amma wa zai kama mutum da laifin tsabta? A wannan minti na tsani Kawu, tsana irin wadda ban san ina da ita ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. Kafin a tashi Oga ya ba ni hutun dole na mako biyu, wai in je in huce.

Don haka ina gida ranar Litinin da masu injin yankan itace suka zo, su shida. Inna ta riga ta ba wata mata da ke can ƙetaren rafi akwatunan zumarta. Ta roƙi shugaban masu yankan ya ba ta awa ɗaya ta tsinke lemon da ya nuna, ya ba ta, har ya sa hannu ya taya mu. Daga nan ta koma jikin katanga ta tsaya, hannu a baya, kwana uku tana kallo. Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi ta yi har kaina ya yi ciwo. Babban mangwaro suka bari ƙarshe, ya kuwa ba su wahala, sai da suka canza sarƙar inji. Da ya faɗi ƙasa ta girgiza, haske ya cika tsakar gidanmu har cikin ɗakin girki, inda rana ba ta taɓa shiga ba tun da na yi wayo. Suka kafa allo mai jan rubutu cewa nan yankin haɗarin gobara ne, Oga ya zo aka ɗauke shi hoto a jikinsa. Kawu a kwana ukun nan bai zo ba, ya aiko cewa gwiwa ta tashi.

Ranar Alhamis na ga Inna ta ɗora tukunya irin ta kullum. Na ce, “Inna, wa za ki dafa wa wannan duka?” Ƙarfe ɗaya da rabi daidai muka ji babur.

Ya kafe shi a inda ya saba. A bayan sirdi ya ɗaure allon yabon, an naɗe shi da tawul, ya zo ya nuna wa ƙanwarsa. Ya sauko ya yi sallama da ƙarfi. Ya tsaya yana kallon kututture talatin da ɗaya da garin katako da rana tana dukansu.

Inna ta amsa sallamar, ta yi masa sannu da zuwa, ta tambayi gwiwa. Sannan ta ɗauki tabarma ta ratsa filin, ta shimfiɗa ta a gefen babban kututturen, ta dawo ta kai kwano da ruwa.

“Auta, a rana?”

“Nan ne wurinka, Yaya. Nan ka saba zama.”

Ya kalli barandar gidan, inda inuwa take. Ba wanda ya ce masa bismilla. Ya taka a hankali, garin katako yana manne wa takalman, ya zauna. Ya fara kwance tawul ɗin, ya fasa. Ya ce, “Kin san aikin hukuma, Auta, wani abin ba a son ran mutum...” Inna ta sunkuya ta buɗe masa murfin kwanon, ta miƙe ta tsaya a kansa.

Oba-oba ta yi ƙara a ƙugunsa. Yanzu da ba itatuwa, daga inda muke ana hango dajin har ƙarshensa, kuma can arewa, a tsakiyar inda taswira ta yi kore shar, hayaƙi ya miƙe sama. Kawu ya ɗaga kai, kallo ɗaya ya yi masa. “Kwazazzabo ne,” ya ce, kamar da kansa yake magana. “Masu gafiya.” Hannunsa ya tafi aljihu yadda ya saba, ya fito da na'urar rawaya, babban yatsa ya hau maɓalli. Sai ya ga muna kallon sa, ya tsaya.

“Danna mana, Yaya,” in ji Inna, muryarta ko rawa ba ta yi. “Ai ba abin da ya saura da za a sare.”

Bai danna ba, bai kuma tashi ya nufi arewa ba. Ya ajiye na'urar a kan kututturen, ya jawo kwanon gabansa ya fara ci, gumi yana ɗiga a kan takalman.